Wanda Ya Sace Bakin Injiniya

Ƙarfe uku saura kwata na ranar Talata wata mata ta shigo caji ofis da farar rigar aikin kantin magani a jikinta. Ta dafa kantar karɓar ƙara tana haki.

"An yi mana sata," ta ce. "An sace bakin mahaifina."

Kofur ɗin da ke kan kanta ya ɗaga biro, ya rasa abin da zai rubuta. Sufeto, wanda ke tsaye a ƙofar ofishinsa da kofin shayi, ya ajiye kofin ya ƙaraso.

Shekara ashirin da shida ke nan Sufeto yana aikin ɗan sanda. Abokan aikinsa suna kiransa Sannu-Sannu, domin ba a taɓa ganin ya yi gaggawa ba, ba a kuma taɓa jin ya ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya yake yi ya jira, ko da za a kwana a nan. Masu laifi da dama sun gwammace a daka musu tsawa da irin wannan jiran nasa.

"Zauna, 'yar'uwa," ya ce. "Fara daga farko."

Ta zauna ta yi bayani. Ita ce autar gidansu, kowa ma Auta yake kiranta. Mahaifinta tsohon injiniyan waya ne. Shekara biyu da suka wuce ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafar dama suka mutu, magana ta ɗauke. Tun daga nan da kwamfutar hannu yake magana. Yana taɓa manyan haruffa da yatsan hagu, ita kuma ta furta abin da ya rubuta.

"Da ita yake cewa yana jin ƙishirwa, da ita yake mana faɗa," in ji Auta. "Kuma muryar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, tana ciki. Yau ya farka daga barcin rana babu ita."

"An fasa ƙofa?"

"A'a."

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da yayana, da Anti mai jinyarsa." Ta sunkuyar da kai. "Yallaɓai, a cikin kayan Anti na ga rigar kwamfutar."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira Saja, wata matashiyar 'yar sanda da ke aiki a ƙarƙashinsa, suka bi Auta a mota.

Gidan ƙarami ne, mai get da ɗan fili. An yi wa ƙofar falo gangaren siminti saboda keken marar lafiya. Sufeto ya duba kwaɗon get, ya duba na falo, ya zagaya tagogi. Babu ko ƙwarzane.

Auta ta kai su ɗakin mai jinya, ta nuna kwandon wanki. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, ta ce ta samu rigar kwamfutar, wata baƙar fata da gefenta ya goge saboda yawan riƙewa.

Sufeto ya juya ta a hannu.

"Me ya kai ki duba kwandon wanki?"

"Yaya Babba ne ya ce in duba. Da Anti ta kira ni na zo na ga babu kwamfutar, sai na buga masa waya."

"Ya ce ki duba ɗakin, ko ya ce ki duba kwandon?"

Auta ta yi tunani. "Ya ce masu aiki a kwandon wanki suke ɓoye abu."

"Ƙarfe nawa kika kira shi?"

Ta duba wayarta. "Biyu da rabi."

"Yana ina?"

"Ya tafi taron 'yan kasuwa a wani gari tun da asuba. Tafiyar awa uku ce. Ya ce zai taso yanzu."

Sufeto ya rubuta a ɗan littafinsa.

Anti tana zaune a kicin kan kujerar roba, hannuwanta a cinya. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, idanunta sun kumbura. Da ta ga kaki sai ta miƙe.

"Zauna abinki," in ji Sufeto. "Tun yaushe kike gidan nan?"

"Shekara shida, yallaɓai. Ni na yi jinyar matar gidan har ta rasu. Da ciwo ya kama Baba sai na ci gaba."

"Kin fita yau?"

"Na je kanti sayo sabulu da audugar jinya. Baba yana barci, na kulle ƙofa."

"Minti nawa kika yi?"

"Bai fi ashirin ba."

Ta faɗi haka tana kallon ƙasa. Sufeto ya lura, ya bar maganar.

"Yaya aka yi rigar kwamfutar ta shiga kwandonki?"

"Wallahi ban sani ba. Ni me zan yi da ita? Ko sunana da ƙyar nake rubutawa." Ta share hawaye. "Ba kamun da za a yi mini ne ya dame ni ba. Gobe ne. In babu abin nan, yaya Baba zai amsa musu?"

"Su wa?"

"Likita da lauya. Ƙarfe goma za su zo."

Sufeto ya juya ya dubi Auta. Ta sauke ajiyar zuciya.

"Yaya Babba yana so a sayar da gidan nan, a kai Baba gidan kula da marasa lafiya. Baba ya ƙi. Shi ne Yaya ya ce ciwon ya taɓa masa hankali, ya nemi a ba shi ikon yanke hukunci a madadinsa. Gobe za a zo a gwada ko Baba yana cikin hankalinsa." Ta goge ido da bayan hannu. "Ni da na tabbata lafiyar ƙwaƙwalwarsa lau. Amma yau na fara tsorata. Tun da ya farka yake ta zana wasu lambobi marasa kan gado."

"Mu je in gaishe shi."

Injiniya yana cikin kekensa kusa da tagar falo. Dogon tsoho ne, gemunsa fari tas, gefen bakinsa na dama ya ɗan zube. Amma idanunsa a tsaye suke, suna bin kowa da kallo. A kan faifan da ke gabansa akwai takardu uku cike da zane mai karkarwa.

Sufeto bai tsaya a kansa ba. Ya cire hula, ya durƙusa har idonsu ya daidaita.

"Barka da yamma, Baba. Ni ne sufeton da aka turo. In na yi tambaya, ka gyaɗa kai ko ka girgiza. Ka ga wanda ya ɗauka?"

Tsohon ya girgiza kai.

"Kana zargin Anti?"

Ya girgiza da ƙarfi, har keken ya motsa. Sannan ya buga yatsansa a kan takarda, ya ɗaga hannun da ƙyar ya nuna saman kabad.

"Ka gani ko?" in ji Auta. "Haka yake ta yi. Na ba shi wayata ya rubuta, haruffan sun yi wa yatsansa ƙanana. Biro kuma lambobi kaɗai yake iya zanawa."

Sufeto ya ɗauki takardun ya jera su. Duk da karkacewar rubutun, abu ɗaya ne tsohon ya maimaita har sau bakwai: 192.168.1.1.

"Wanda hankalinsa ya gushe ba ya rubuta abu ɗaya sau bakwai ba kuskure," ya ce. "Saja, zo ki gani. Lambar waya ce?"

Saja ta leƙa, ta dubi saman kabad inda wani ɗan farin akwati mai eriya biyu yake ƙyafta koren haske. Ta yi murmushi.

"Yallaɓai, adireshin na'urar wayifai ne. In ka rubuta shi a waya kana cikin gidan, za ka shiga cikin na'urar, ka ga duk abin da ke haɗe da ita."

Injiniya ya lumshe ido, ya saki wani dogon numfashi. Awa biyu yana kiran mutane ba wanda ya ji, sai yanzu.

Sufeto ya ji kunya ta kama shi a madadin kowa. "Yi mana haƙuri, Baba. Mu ne ba mu da karatun."

Auta ta ba Saja kalmar sirrin wayifai, ta haɗa wayarta, ta rubuta adireshin. Shafi ya buɗe yana neman wata kalmar sirrin ta daban. Kafin ta tambaya, tsohon ya riga ya fara zanawa. Lambobi takwas, ɗaya bayan ɗaya, gumi na tsattsafo masa a goshi. Auta ta karanta, ta rufe baki da hannu. Ranar auren iyayenta ce.

Saja ta shigar. Ta ja kujera kusa da keken yadda tsohon zai gani, Sufeto ya tsaya a bayansu.

"Ka ga nan, yallaɓai. Wannan jerin abubuwan da ke haɗe yanzu ne. A gidajen mutane za ka tarar da sunaye na harufa da lambobi da ba ka gane komai. Amma dubi nan."

Sufeto ya sa tabarau. Kowace na'ura an raɗa mata suna. Talabijin. Wayar Auta. Wayar Anti. Firintar ɗaki. Can ƙasa kuma guda ɗaya da ba ta da suna.

"Wannan fa?"

"Tawa ce, yanzu na shiga. Da wani baƙo ne ya saci layin, haka zai fito tsirara a cikin jerin. Baba ya tsara abin nan kamar rajistar makaranta." Ta duba tsohon da girmamawa. "Ya kuma kunna ajiyar tarihi. Duk wanda ya shigo, duk wanda ya fita, da lokacinsa."

"Shekara talatin da biyar yana aikin layuka," in ji Auta a hankali. "Kullum da safe sai ya duba jerin nan. Mu muna masa dariya, muna cewa yana kiran sunan ɗalibai."

"Karanto mini na yau, daga azahar," in ji Sufeto.

"Wayar Anti ta fita ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Ta dawo biyu da kwata."

Sufeto ya waiwaya. Anti tana tsaye a ƙofar kicin.

"Minti ashirin kika ce mini. Na'ura ta ce hamsin da biyar."

Anti ta sunkuyar da kai. "Na yi ƙarya, yallaɓai. 'Yata ce ta haihu jiya. Daga kanti na biya asibiti na ga jaririn. An hana ni barin Baba fiye da minti ashirin, shi ya sa na ji tsoron faɗa."

"Wa ya san za ki biya?"

"Yaya Babba. Jiya da ya kira yana tambayar jikin Baba na roƙe shi izini. Ya ce in je, kada dai in gaya wa Auta."

Auta ta buɗe baki, Sufeto ya ɗaga mata hannu.

"Ci gaba, Saja."

"Akwai wata mai suna Bakina. Ta fita ƙarfe biyu saura minti tara."

Tsohon ya buga ƙirjinsa da yatsa.

"Kwamfutar ke nan," in ji Sufeto. "Ta bar layi Anti tana asibiti. Tsakanin fitar Anti da wannan lokacin, wa ya shigo?"

Saja ta ja shafin sama, ta tsaya. Ta dubi Auta kafin ta karanta.

"Agogon Babba. Ya shigo ɗaya da minti talatin da takwas. Ya fita biyu saura minti bakwai."

Injiniya ya daɗe yana kallon layin. Bai yi mamaki ba, Sufeto ya ga haka a fuskarsa. Abin da ya gani shi ne irin ciwon mutumin da ya yi ta addu'ar a ce zatonsa ƙarya ne.

"Agogon hannu ne mai shiga intanet," in ji Auta. "Watan jiya Yaya ya saye shi. Baba ne ma ya nuna masa yadda zai haɗa shi."

"Wannan ya nuna agogo ya shigo gidan," in ji Sufeto. "Bai nuna inda kwamfutar take ba. Wanda ya ɗauka ya kashe ta. In ya jefa ta a kwata, gobe Baba ba shi da baki."

Tsohon ya jawo takarda. Ya zana 5, ya ɗiga ɗigo biyu, ya zana sifili biyu. Sannan ya nuna akwatin magungunansa da ke kan tebur.

Anti ce ta fara ganewa. "Maganin ƙarfe biyar. Yallaɓai, ko an kashe ta, biyar na yi take kunna kanta. Baba ne ya saita ta haka, saboda akwai ranar da caji ya sa muka kashe ta muka manta da magani."

"Yaya Babba ya san da wannan?"

"Ina zai sani? Bai taɓa kai yamma a gidan nan ba."

Sufeto ya dubi agogon bango. Huɗu da minti ashirin. Ya dubi tsohon, tsohon ya dube shi. A shekarunsa na aiki ya zauna da manyan masu bincike, amma bai taɓa ganin wanda ya warware shari'a yana zaune a keke, ba baki, da yatsa ɗaya ba.

"Na gane, Baba," ya ce. "In tana kusa, za ta amsa kira. Saura mu kawo ta kusa." Ya juya ga sauran. "Kada wanda ya ambaci ƙarfe biyar. Saja, fitar da motarmu waje, ki bar filin a buɗe."

Huɗu da rabi aka ji hon a bakin get. Sufeto ya fita da kansa. Wani mutum mai jiki, cikin kwat mai tsada, yana ƙoƙarin ajiye mota a gefen titi.

"Shigo da ita ciki, ranka ya daɗe," in ji Sufeto. "Titin ya yi ƙunci, kada wani ya goge maka ita. Matso nan gindin taga."

Yaya Babba ya shigo da motar, ya fito yana gyara wuyan riga. A hannunsa na hagu akwai baƙin agogo mai fuskar gilashi.

"Kun tafi da ita?" ya tambaya tun kafin gaisuwa. "Na daɗe ina gaya wa ƙanwata, ɓarawon gida sai Allah."

"Gaskiya ne. Shigo mu zauna, 'yan tambayoyi ne na cike takarda."

Ya shiga falo, ya dafa kafaɗar mahaifinsa sama-sama, ya zauna. Saja tana gefe da wayarta a hannu kamar mai duba saƙo.

Sufeto ya buɗe littafinsa, ya nemi biro a aljihu uku kafin ya same shi. Ya tambayi sana'arsa. Ya tambayi yaushe ya fara ta. Ya tambayi yadda kasuwar kayan gini take a bana. Yaya Babba yana amsawa yana kaɗa ƙafa.

"Yaushe ka bar gari?"

"Da asuba."

"Tafiyar awa nawa ce?"

"Uku, in hanya ta yi kyau."

"Ƙanwarka ta kira ka biyu da rabi. Ka iso huɗu da rabi."

Ƙafar ta daina kaɗawa. "Na yi gudu. Mahaifina ne fa."

"Allah ya tsare. Da ka taso ka tsaya shan mai?"

"A'a."

"Ka bar wani a wurin taron da zai shaida ka je?"

"Sufeto, ni ake tuhuma ko mai aiki? An samu kaya a ɗakinta."

"An samu, a daidai inda ka ce a duba." Sufeto ya juya shafi. "Agogon nan naka ya burge ni. Kullum yana hannunka?"

"Ko wanka ba na cire shi."

"Ko yau?"

"Na ce maka kullum."

"To ka taimake ni da wani lissafi da ya ɗaure mini kai. Kai kana can wani gari. Agogo yana hannunka. Amma na'urar wayifai ta gidan nan ta ce agogonka ya shigo ɗaya da minti talatin da takwas, ya yi kwata ɗaya, ya fita."

Saja ta juya masa fuskar wayar. Ya karanta. Sannan ya yi wata 'yar dariya.

"Wannan ne hujjarku? Suna ne kawai da wani ya rubuta. Kowa zai iya raɗa wa na'ura sunan da ya ga dama. Kuma wa ya rubuta? Mutumin da ko sunan 'ya'yansa ba ya iya faɗa." Ya nuna takardun da ke gaban mahaifinsa. "Dubi abin da yake zanawa. Shi ya sa na ce a kawo likita."

Auta ta yunƙura za ta miƙe, Anti ta riƙe mata hannu.

"Mai yiwuwa ne," in ji Sufeto. Ya dubi bango. Saura minti huɗu. "Bari in sake karanta maka bayaninka daga farko, kada in yi maka kuskure."

Ya fara karantawa a hankali, kalma bayan kalma, yana tsayawa yana gyara waƙafi. Yaya Babba ya miƙe.

"Ina da abin yi. In kun gama ku kira ni."

"Saura layi biyu, ranka ya daɗe. Zauna."

Bai ɗaga murya ba, amma mutumin ya zauna.

Dogon hannun agogon bango ya hau sha biyu. Ba abin da ya faru. Sufeto ya ci gaba da karatu. In mutumin ya yar da ita a hanya, to an yi asarar komai. Injiniya bai ɗauke ido daga wayar Saja ba.

Bayan kamar rabin minti Saja ta sabunta shafin. Ta miƙe tsaye.

"Yallaɓai, an samu ƙari a jerin. Bakina ta shigo."

Daga wajen taga, a dusashe kamar daga cikin rijiya, wata muryar mace ta taso.

"Maigida, biyar ta yi. A ajiye waya a sha magani."

Auta ta fashe da kuka. Muryar mahaifiyarta ce.

Yaya Babba ya daskare a kujera. Muryar ta sake maimaitawa, da 'yar dariya a ƙarshenta, irin ta matar da ta saba tsokanar mijinta.

"Makullin mota," in ji Sufeto, ya miƙa hannu.

A cikin but ɗin motar, ƙarƙashin tayar safaya, suka same ta naɗe da tawul. Saja ta ɗauki hoto kafin ta taɓa. Sufeto ya ɗauko ta da hannu biyu, ya shigo, ya ɗora ta a kan faifan keken. Tsohon ya shafa fuskarta da yatsa, ya kashe ƙararrawar. Anti, ba tare da kowa ya ce mata komai ba, ta kawo ruwa da ƙwayoyi biyu ta ba shi ya sha.

Yaya Babba ya rufe fuska da tafukansa.

"Ban je ko'ina ba," ya ce. "Da zan zo nan, a ofis na bar wayata don kada a gane. Ban tuna da agogon ba. Kwana ɗaya kawai nake so, likita ya zo ya tafi, sai in ce an tsinto ta. Na tsaya a kan gada zan jefa ta a ruwa, na tuna muryar Mama tana ciki, na kasa."

"Rigar fa?" in ji Sufeto. "Ita ma kasawa ka yi?"

Yaya Babba ya kawar da kai, Sufeto ya ci gaba.

"Matar nan shekara shida tana ɗauke kashi da fitsarin iyayenka. Ka ba ta izinin fita da bakinka, ka shigo a bayanta, ka sa kaya a kwandonta, ka aiko ƙanwarka ta kira mu. Da Baba bai iya lambobi ba, yau a bayan kanta za ta kwana."

"Na ɗauka za a sallame ta ne kawai."

"Kawai," in ji Auta.

Sufeto ya sake durƙusawa a gaban keken. "Baba, abu ne na cikin gida, amma akwai sata, akwai ƙage. Ina so in ji daga bakinka."

Yatsan ya fara tafiya a kan haruffa. Ya ɗauki lokaci, ba wanda ya motsa. Sannan muryar na'urar ta fito, a daidaice, ba hawa ba sauka.

"Anti, ki yafe mana. Allah ya raya jikanki."

Anti ta toshe baki da gefen mayafinta.

Yatsan ya ci gaba.

"Sufeto, ka tafi da shi. Nawa na yafe. Na matar nan ba ni da ikon yafewa."

Yaya Babba ya zame daga kujera ya durƙusa. "Baba..."

Tsohon bai dube shi ba. Saja ta ciro ankwa, ta kama hannunsa, ta cire agogon ta jefa a ledar shaida, ta ɗaure shi. Ya miƙe kamar wanda aka zare wa laka.

Har sun kai ƙofa, na'urar ta sake magana.

"Yana da gyambon ciki. A ba shi abinci kafin tambayoyi."

Yaya Babba ya tsaya cak, kafaɗunsa suka fara girgiza. Saja ta ja shi a hankali suka sauka gangaren.

Sufeto ya mayar da hularsa. A ƙa'idar aiki, manyansa kaɗai yake sara wa. Ya haɗa ƙafafunsa a tsakiyar falon, ya ƙame, ya sara wa tsohon da ke cikin keke.

"Za a ba shi, ranka ya daɗe."

Ya fita, ya ja musu get, ya shiga gaban mota. Saja ta tayar da ita, suka kama hanyar caji ofis.